Yadda ake ajiyar irin hatsi a Tagriss

A Tagriss, cikin gundumar Dakoro a arewacin jihar Maradi, damina gajera ce. Manomin da ruwan shuka ya riska ba shi da iri mai rai ya rasa kwanakin da ba sa dawowa. Shi ya sa aikin iri ke farawa tun hatsi na tsaye.

Kafin a sa wuƙa ga sauran hatsin, mai gona kan ratsa gonarsa yana zaɓen zangarniya ɗaya-ɗaya: wadda ta nuna da wuri, ƙwayarta a matse har kai, babu zanen da tsutsa ke bari. Yakan fi ɗiba daga tsakiya, domin iska na kwaso bununi daga gonar maƙwabci, kuma gefe ne ya fi gauraya. Shibra kuwa ko kusa da ita ba ya cira. Wannan idon ne ya fi burge ni, don da shi zuriyar hatsin gida ke riƙe kamanninta shekara da shekaru.

Sai shanya. Ba a zuba zangarniyar iri kan yashi mai zafi, saboda ƙwayar tana da rai, zafi na iya kashe ta. Akan shimfiɗa ta bisa kara inda iska ke ratsawa, ana juyawa, ana kare ta daga raɓa. Masana na cewa danshi ya sauka zuwa kamar kashi 12 cikin ɗari. Tsofaffi da haƙori suke aunawa. In ƙwaya ta ce ƙas, ta bushe.

Ba a sussuke zangarniyar iri. Ana ɗaure ta dami daban, a sa cikin rumbun da aka ɗaga daga ƙasa saboda gara da laima, ko a rataye inda hayaƙin murhu ke kai wa.

Wake ne mai wuyar sha'ani, don ƙwaro na shigarsa tun daga gona. Da toka ko rairayi ake cuɗa shi a tulu a liƙe baki. Daga 2007 buhun PICS mai ciki uku, aikin jami'ar Purdue ta Amurka da masu binciken noma na cibiyar INRAN a Maradi, ya bazu a kasuwanni. Iska yake hana ƙwaron, ba magani ake sawa ba. Amma in aka ƙulle wake da sauran danshi, iri ya mutu a ciki.

Da bazara ta kawo kai, mai lura kan ƙirga ƙwaya 100, ya binne a jiƙaƙƙen yashi, bayan mako ya ƙirga tsiro. In tsiron ya yi kaɗan, yana da sauran lokacin neman wani irin kafin hadari ya haɗu.