Amada a Matsayin Wasan Kwaikwayon Mata: Raha da Zambo a Wasan Barmani Coge

1.0 Gabatarwa

Idan aka zo batun wasan kwaikwayon Hausa, ɗalibai sukan fara da rubutattun wasanni irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Uwar Gulma na Muhammad Sada. Da yake maza ne suka rubuta su, sai a ɗauka mata ba su da nasu dandali. Alhali kuwa tun tuni akwai wasan gauta, inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da fadawansa, akwai kuma tashen ƴan mata na watan azumi, inda yarinya kan sa rigar maza ta fito a matsayin maigida. Wannan takarda za ta dubi amada a cikin wannan jeri, ta hanyar wasan Hajiya Sa'adatu Barmani Coge, mutuniyar Funtuwa ta Jihar Katsina, wadda ta rasu a shekarar 2013. Tambayar ita ce: wa ake yi wa dariya a wasanta, kuma wa dariyar ke amfana?

2.0 Abin da ya sa amada ta zama wasan kwaikwayo

Amada kiɗan ƙwarya ce da mata ke yi wa mata a wajen biki ko suna. Akan kifa manyan ƙorai ana kaɗawa, jagora na bayar da waƙa, ƴan amshi na karɓa. Duk ɗalibin da ya taso a Maraɗi ko Damagaram ya san irin wannan zama a tsakar gida.

Wanda ya saurari Barmani a kaset kawai, rabin aikin ya samu. A gaban jama'a takan canza murya, ta yi tafiyar wadda take zolaya, ta harari ƴan amshinta kamar su ne abokan faɗan, su kuma su mayar mata. Wato akwai ƴan wasa, akwai masu kallo, akwai kwaikwayon wani hali domin a gyara shi. Waɗannan su ne ginshiƙan wasan kwaikwayo, ko da babu labule.

3.0 Jigo da salo

Fitaccen jigonta shi ne dogaro da kai. A waƙar "A Kama Sana'a Mata" ta yi kira ga mata su nemi na kansu, ta kuma zolayi macen da ke zaune sai abin da miji ya miƙo. Da wa'azi ta yi, da ƙila an gaji da ji. Sai ta bi ta hanyar raha, yadda mai sauraro za ta yi dariya tukuna, daga baya ta gane da ita ake.

A "Waƙar Duwaiwai" kuwa jikin mace ta ɗauka ta mayar abin alfahari da wasa. Wasu sun kira wannan batsa. Amma ya kamata manazarci ya tuna inda waƙar ta fito, wato taron mata zalla, inda kunyar da ake yi a gaban miji da surukai take sassautawa. Kaset da talabijin ne suka fitar da zancen cikin gida zuwa kunnen maza, ma'aunin ya canza.

4.0 Matsalar kishiya

A nan ne tarken ke da wuya. Waƙoƙin Barmani na kishiya cike suke da zambo da habaici, kuma a kan mace ƴar'uwarta suke sauka. Mijin da ya yanke shawarar ƙaro aure yakan tsira da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Saboda haka ɗalibin da ya yi gaggawar laƙaba mata sunan mai fafutukar ƴancin mata, irin yadda ake fahimtarsa a Turai, zai yi tuntuɓe. Ba ta nemi a rushe tsarin auren ba. Abin da ta nema shi ne mace ta samu ƙarfin tsayawa a cikinsa.

Duk da haka, yanayin aiwatarwa yana sauya ma'anar kalmomin. A tsakar gidan biki, kusan kowace mace ko tana da kishiya, ko ita ce kishiyar wata, ko tana fargaban zuwanta. Uwargida da amarya na iya zama a tabarma ɗaya suna dariyar waƙa ɗaya. Kishiyar cikin waƙa ba ta da suna, don haka kowa na iya ɗora mata nata baƙin cikin ba tare da an yi faɗa ba.

5.0 Ƙawance

Ƙawancen mata ya fi bayyana a tsarin taron fiye da cikin baitoci. Baba, mutuniyar Karo, wadda Mary Smith ta buga labarin rayuwarta da Turanci a 1954, ta bayyana yadda ƙawaye ke ɗaukar nauyin juna da gudummawa a lokacin biki. A kan wannan zumunci amada ta tsaya. Ƙawaye ne ke cika taron, su ne ke yin liƙi, kuɗin kuma yawanci daga sana'ar cikin gida ya fito. Ashe kiran da Barmani ke yi na a kama sana'a yana da alaƙa da rayuwar wasan kanta: macen da ba ta da nata ba ta iya fitar da ƙawarta kunya ranar biki.

6.0 Kammalawa

An ga cewa amada wasan kwaikwayo ce ta mata, mai amfani da raha wajen faɗin abin da ba ya faɗuwa a gaban maza. An kuma ga iyakarta, domin zambonta ya fi cin mace fiye da namiji. Adalcin nazari shi ne a riƙe waɗannan biyun tare. Ana shawartar ɗalibi, musamman ɗalibai mata da ke da damar shiga taron, su halarci kiɗan ƙwarya a unguwarsu, su rubuta waƙar, su kuma lura da waɗanda suka yi dariya da waɗanda suka yi shiru a kowane baiti.