Rabi da kuɗin cefane: bitar "Alhaki Kuykuyo Ne"

Ana lissafa "Alhaki Kuykuyo Ne" na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu cikin littattafan soyayya da suka cika kasuwannin Kano tun ƙarshen shekarun 1980, amma wanda ya buɗe shi yana neman kalaman masoya, da kuɗin cefane zai fara cin karo. Littafin ya fito a 1990, kuma har yau ban karanta wani labari da ya shiga tsakar gidan Bahaushe ya zauna kusa da murhu kamar wannan ba. Ina son sa ƙwarai. Duk da haka akwai wuraren da yake ƙona mini rai.

Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai abin hannunsa, ta haifa masa 'ya'ya tara. Abin da yake ajiyewa na cefane ba ya kai gidan ko'ina, ita ke ƙulle-ƙullen yadda tukunya za ta hau wuta, yadda yara za su tafi makaranta. Ana cikin haka ya auro Delu, macen da ta daɗe tana zaman kanta, gida ya rikice, ya saki Rabi ya kore ta da yaranta. Sai ta kama sana'ar sayar da abinci.

A nan alƙalamin Balaraba ya fi kaifi. Ba ta tsaya tana yi wa mai karatu wa'azi a kan haƙƙin mata ba. Tana nuna maka mace tana auna abin da ke hannunta da bakunan da ke jiran ta, tana haɗiye magana don kada a ce ba ta da haƙuri, tana kallon kayan lefen kishiya alhali ɗanta ba shi da na littafi. Duk wadda ta taɓa miƙa hannu da safe ta ji an ce "ki yi maneji da wannan" ta san Rabi, ko da ba ta taɓa jin sunanta ba. Hausar ma irin ta zaure da tsakar gida ce, da habaici da gugar zana da karin magana a inda ya dace. Marubuciyar, wadda ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, an cire ta daga makaranta an yi mata aure tun tana yarinya ƙarama, daga baya ta koma karatu a ajin manya. Ana jin wannan a rubutunta: ta san nauyin abin da take faɗa.

Soyayyar da ke littafin ta Saudatu ce, 'yar Rabi, da Alhaji Abubakar, attajirin da ya gan ta ya ji ba shi da kamarta. Akwai daɗi a wannan sashe, kunya da kawaici da ɗokin biki, mai karatu yana samun wurin shan iska bayan baƙin cikin uwar. Amma daga nan zuciyata ta fara rabuwa biyu. Littafin da ya nuna mana yadda mace ke tagayyara idan duk rayuwarta tana rataye a aljihun miji, shi ne kuma ya kawo wani mai aljihun ya zama mafitar 'yarta. An ce Abubakar mutumin kirki ne, na yarda. To idan ya sauya fa? Saudatu ba ta da wani abin dogaro da uwarta ba ta da shi ranar da aka kai ta ɗaki.

Delu kuwa an zalunce ta a rubutu. Muguwa ce daga shigowarta har fitarta, ba a taɓa barin mu mu ji abin da ya jefa ta zaman kanta ba, alhali marubuciyar da ta iya buɗe zuciyar Rabi haka ba za ta gaza buɗe tata ba. Haka ma sakayyar da ta sauko wa Alhaji Abdu: gobara ta cinye dukiyarsa a kasuwa, Delu ta ci amanarsa, ya wayi gari ba shi da komai. Zuciya tana yin sanyi, ba musu, sai dai ta zo da sauƙi ƙwarai. Mata nawa ne aka kora da goyo, mazan kuma suna nan kasuwarsu tana ci?

Ƙarshen labarin ne ya fi tsaya mini a wuya. Bayan Rabi ta tsaya da ƙafarta, sai 'yan uwa da manya suka taru a kanta sai ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta, don 'ya'ya, don zumunci, don kada duniya ta zage ta. Ta koma. Na so a ce ta ƙi. Amma da Balaraba ta rubuta haka, da ta yi mana ƙarya game da gidajenmu, domin kowa ya san yadda irin wannan zama yake ƙarewa idan dattawa suka sa baki. Abin da ta yi shi ne ta bar mu da ɗacin, ta kuma mayar da Rabi gidan a matsayin mai ciyarwa, ba mai jiran a ba ta ba. Ban ɗauki wannan a matsayin nasara ba, kuma ban ga alamar marubuciyar ta ɗauke shi haka ba.

A 2012 kamfanin Blaft da ke Chennai a Indiya ya buga fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi, abin da ya kai Rabi hannun masu karatu da ba su taɓa taka Kano ba. Na yi murna da hakan. Amma wanda yake jin Hausa ya nemi na asali, domin faɗan Rabi da Delu a tsakar gida da Hausa aka yi shi, kuma da Hausa ya fi zafi.