Birnin Caca a Ƙagaggun Labaran Matasa: Tarken Littattafai Uku Daga Amurka

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ƙagaggun labaran da ake rubuta wa matasa a Amurka akwai wani rukuni da ya ɗauki birnin caca a matsayin dandalinsa. A cikinsu saurayi ko budurwa kan shiga birnin da aka gina a kan karta da sa'a, ya haɗu da 'yan damfara da 'yan daba, ya ci bashin da zai iya halaka shi, sannan ya nemi mafita. A wannan maƙala mun tarki uku daga cikinsu: No Limit da All-In na Pete Hautman, da Ace of Shades na Amanda Foody. Mun yi haka ne domin kwamitocin da ke zaɓar littattafan karatu, da masu tunanin fassara ko kwaikwayon irin waɗannan labarai da Hausa, suna bukatar ma'aunin da za su riƙa auna su da shi. Ra'ayinmu shi ne, ba a gane amfanin irin wannan littafi ta hanyar ƙirga yawan gargaɗin da ke cikinsa. Abin dubawa shi ne aikin da marubuci ya ba caca a cikin ƙullin labarinsa: shin ita ce ke warware matsalar tauraro, ko kuwa ita ce matsalar har zuwa shafin ƙarshe?

2.0 Birnin Caca da Lissafinsa

Kafin a shiga littattafan, ya kamata a san birnin da suke magana a kai. Jihar Nevada ta halatta caca a 1931, a kan wannan doka ne birnin Las Vegas ya bunƙasa. Dokar jihar ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin caca. Saboda haka duk matashin da ya zauna a teburin caca a can ya riga ya karya doka tun kafin a raba karta, kuma wannan ne ya sa jigon laifi ba ya rabuwa da waɗannan labarai.

Gidan caca kuwa da lissafi yake cin abinci. Misali, faifan wasan rulet na Amurka gurabe 38 gare shi. Wanda ya zuba dala 1 a kan lamba guda, in ya dace, za a ba shi dala 35 tare da dalarsa. In ya zuba sau 38, abin da lissafi ya nuna shi ne zai dace sau ɗaya, ya karɓi 36, ya yi asarar 2. Wannan ya kama kashi 5.26 cikin 100 na duk abin da aka zuba, kuma shi ne rabon mai gida, ko an yi dare ana wasa ko an kwana. Wasan karta na foka ya ɗan bambanta, domin 'yan wasa junansu suke ci, mai gida yana cire la'adarsa daga abin da aka tara. A nan gwaninta tana da tasiri, amma duk abin da gwani ya kwasa daga aljihun wani ya fito.

A nan ne matsalar marubuci take. Labarin kasada yana bukatar tauraro ya jefa kansa cikin haɗari a ƙololuwar labari, ya kuma tsira. Lissafin caca kuwa yana cewa mai jefa kai a kai a kai ƙarshensa asara. Duk marubucin da ya shiga wannan fage dole ya zaɓi wanda zai bi a cikin biyun, ko kuma ya nemi dabarar haɗa su ba tare da ya yi wa mai karatu ƙarya ba. Tun a 1866 marubucin Rasha Fyodor Dostoevsky ya gwada wannan a labarinsa na ɗan caca, wanda ya gina a wani ƙagaggen gari na Jamus, inda babbar nasarar tauraron a tebur ta zama mafarin lalacewarsa.

3.0 No Limit: Nasarar da Ta Zama Asara

An fara buga wannan littafi a 1998 da sunan Stone Cold, aka sake fitar da shi a 2005 da sunan No Limit. Sake bugun ya zo ne a lokacin da foka ta cika gidajen talabijin na Amurka, bayan wani akanta mai suna Chris Moneymaker ya ci dala miliyan 2.5 a babbar gasar foka ta Las Vegas a 2003.

Tauraron labarin, Denn Doyle, ɗan makarantar sakandare ne mai ƙwazo, yana da 'yar sana'arsa ta gyaran ciyawar gidaje, da budurwa, da abokai. Da ya fara karta sai ya gano yana da baiwar karanta fuskokin mutane, yana gane mai ƙarya da mai gaskiya daga ɗan motsin hannu ko ido. Mai karatun da ya saba da labaran gargaɗi zai zaci yaron zai tsiyace, ya yi nadama, ya koma gida. Hautman ya ƙi bin wannan hanya. Denn ya ci gaba da ci, har ya cinye gidan shaƙatawa na dare daga hannun wani babban ɗan caca mai suna Artie Kingston. Amma kafin ya kai nan ya rabu da sana'arsa, budurwarsa ta tafi, abokansa sun zama mutanen da yake aunawa da abin da za a iya ci a wurinsu.

Ƙarfin littafin yana cikin zaɓen mai ba da labari. Denn ne ke magana da bakinsa, kuma shi bai ga abin da ya rasa ba. Mai karatu ne ke gani, ta hanyar yadda zancen yaron ke ƙara bushewa daga babi zuwa babi. Ga malamin adabi wannan dama ce ta koyar da bambanci tsakanin abin da tauraro ya faɗa da abin da labari ya nuna. Rauninsa kuma daga nan ya taso: ɗalibin da bai ƙware a karatu ba zai iya rufe littafin yana tuna gidan da aka ci, ya manta da abokan da aka rasa. Littafi ne da ke bukatar malami a kusa.

4.0 All-In: Las Vegas Daga Ƙasa

A 2007 Hautman ya ci gaba da labarin. Denn yana da shekara 17, ya koma Las Vegas, an haɗa baki da wata budurwa mai raba karta, Cattie Hart, an cuce shi, ya wayi gari kusan hannu rabbana. Tsohon abokin gabarsa Artie Kingston ya buɗe sabon gidan caca, ya sa gasar dala miliyan 1 wadda mutum guda zai kwashe, kuɗin shiga kuwa dala 10,000 ne, waɗanda Denn ba shi da su.

Abin yabo a nan shi ne hoton birnin. Marubucin ya kauce wa fitilu da manyan otal-otal, ya kai mu wurin ƙananan 'yan caca masu neman rance da masu jiran sa'ar da ba ta zuwa. An kuma rarraba labarin tsakanin taurari, ta yadda ake ganin Denn daga waje, abin da littafin farko bai bayar ba. Sai dai ƙullin labarin ya koma kan tsohuwar hanya. An tattara makomar yaron gaba ɗaya a kan teburin gasa, an sa mai karatu ya riƙa yi masa fatan samun kuɗin shiga. Ma'ana, hankalin mai karatu yana tafiya daidai da hankalin ɗan caca mai bin asararsa, wanda ke ganin maganin abin da karta ta ci shi ne ƙarin karta. Haka kuma, da aka ɗora faɗuwar Denn a kan maguɗi, an bar ƙofar cewa da an yi wasan tsakani da Allah da bai faɗi ba. A ganinmu wannan koma baya ne daga abin da No Limit ya cim ma.

5.0 Ace of Shades: Bashi a Cikin Tufafin Ado

Littafin Amanda Foody ya fito a 2018, shi ne na farko a jerin uku. King of Fools ya biyo baya a 2019, sai Queen of Volts a 2020. Birnin nan ƙagagge ne, sunansa New Reynes, ana yi masa laƙabi da birnin zunubi kamar yadda ake yi wa Las Vegas. Enne Salta, budurwa mai tarbiyyar makarantar 'yan mata, ta shigo birnin neman uwar riƙonta Lourdes wadda ta ɓace. Ta nemi taimakon Levi Glaisyer, shugaban wata ƙungiyar 'yan daba kuma mai raba karta a gidan caca. Levi yana cikin tsaka mai wuya: ya gudanar da wata damfarar zuba jari, ana binsa kuɗi 10,000 na birnin, an ba shi kwana 10 ya biya ko ya fuskanci wani wasan karta da ba a saba fita daga cikinsa da rai ba.

An tsara labarin bisa waɗannan kwanaki 10, abin da ya ba shi saurin da ke riƙe mai karatu. Abu mafi nauyi a cikinsa kuwa shi ne yadda ya bayyana bashi da mallaka. Mai gidan cacar da Levi ke wa aiki, Vianca Augustine, ta ɗaure shi da wata rantsuwar sihiri wadda ba ya iya saɓawa, daga baya ta ɗaure Enne da ita. Ta wannan siffa Foody ta nuna gaskiyar da littattafan Hautman suka taɓa kawai: a birnin caca, masu gidajen ne ke da iko, yaran da ke taƙama a titi kuwa bayinsu ne.

Duk da haka, caca a wannan littafi ado ce. Ba a nuna lissafinta ba, ba a nuna talakan da ta cinye wa kuɗin abinci ba. A ƙololuwar labari Enne ta shiga wasan mutuwa domin ceton Levi, suka kuma fita da rai. Sihiri da baiwar gado ne suka cike gurbin da lissafi ya bari. Ga kuma kisan kai da shaye-shaye da al'amuran soyayya da marubuciyar ta rubuta daidai da al'adar masu karatunta na Amurka, waɗanda kwamitin zaɓen littattafai zai auna da shekarun ɗalibansa da tarbiyyar al'ummarsu.

6.0 Abin da Ya Shafi Manhaja

Wani zai ce ina ruwan manhajar Hausa da labaran Las Vegas. Amsa biyu muke da ita. Ta farko, adabin Hausa na makaranta ya daɗe yana aro yana gyarawa. Abubakar Imam ya ɗebo da yawa daga labaran Magana Jari Ce daga adabin wasu al'ummu ya mayar da su na gida. Jigon yaron da birni ya ruɗa ma ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo. Ta biyu, gidan caca ya daina zama wurin da sai an yi tafiya. Cacar ƙwallon ƙafa ta shiga wayar hannu da shagunan unguwa, ɗalibanmu suna ganinta kullum. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa na Amurka kuwa tun 2013 suka sanya jarabar caca a rukuni guda da jarabar kayan maye a littafinsu na tantance cututtuka. Labarin da ya taɓa wannan batu, da Hausa aka rubuta shi ko fassara shi aka yi, dole a duba shi da idon basira.

Muna ba da shawarar tambayoyi huɗu ga duk mai tantance irin wannan littafi. Na ɗaya, me ya warware matsalar tauraro a ƙarshe: wasa, ko barin wasa, ko taimakon mutane? Na biyu, an nuna waɗanda aka ci, ko kuwa masu ci kaɗai ke da suna da fuska? Na uku, an nuna rabon mai gida? Na huɗu, in tauraro ya faɗi, maguɗin wani ne ya kayar da shi ko kuwa yanayin wasan kansa? Bisa wannan ma'auni No Limit ne ya fi dacewa da ajin babbar sakandare, tare da jagorancin malami. All-In ya dace a karanta shi a gefensa domin kwatance. Ace of Shades ya fi dacewa da nazarin zubi da tsari a manyan makarantu, musamman dabarar gina ƙagaggen birni da tsara labari bisa wa'adi.

Haka kuma malamin adabi zai iya haɗa hannu da malamin lissafi. Ɗalibin da ya lissafa asarar 2 cikin 38 da hannunsa, sannan ya koma ya karanta babin da tauraro ya kwashe tebur, zai iya gane inda marubuci ya faɗi gaskiya da inda ya bi son ran mai karatu. Wannan shi ne tarke a aikace.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa littattafan uku dandali guda suka ɗauka, amma amsoshinsu sun bambanta. Hautman a littafinsa na farko ya bar yaro ya ci, ya kuma nuna abin da cin ya ci masa. A na biyu ya zana birnin da kyau, amma ya jingina makomar tauraro a kan karta. Foody ta fahimci bashi da mallaka, ta kuma bar sihiri ya ceci taurarinta. Ga marubutan Hausa masu niyyar rubuta wa matasa labarin caca, darasin shi ne cewa wa'azin shafin ƙarshe ba ya goge daɗin da shafuka ɗari biyu suka ɗanɗana wa yaro. Gargaɗin da zai zauna a zuciyarsa sai an saƙa shi cikin ƙullin labarin tun daga babin farko.