Adakar Madobi da Maƙeran da Suka Hana Ta Mutuwa

Duk wanda ya ce mini dawakai ne daɗin hawa, bai taɓa tsayawa kusa da masu adaka ba. Doki ado ne, algaita da ganga daɗin kunne ne, amma abin da ke sa ƙirjin namiji ya buga, ya sa tsohuwa ta rangaɗa guɗa ba shiri, shi ne tashin bindigar gargajiya. A ƙasar Madobi, ranar naɗin sarauta ko tarbar babban baƙo, sai ka ga dattawan maharba sun jeru, wasu daga Kwankwaso, wasu daga Kafin Agur, wasu daga Kubarachi, kowa da tasa a kafaɗa. Babbansu ya ɗaga hannu, su saki wuta lokaci guda. Ƙasa ta girgiza, farin hayaƙi ya turnuƙe fili, ƙanshin albarushi ya cika hanci, yara su toshe kunne suna tsalle suna neman a sake. Wallahi ban san wani sauti a ƙasar Kano da ya kai wannan kwarjini ba!

Ina son adaka tun daga kotarta har bakinta. Dubi kotar nan da gumin hannu ya goge har ta yi sheƙi, jar fatar da aka naɗe mata, layun da ke reto a wuyanta, wani ma ya kafa mata ƙusoshin farin ƙarfe don ƙawa. Ba biyu da suke iri ɗaya. Kuma kowace da muryarta: wata ƙararta a dunƙule take, tana fitowa daga ciki, wata tsawa ce mai tsaga kunne. Tsofaffin maharba daga nesa suke cewa ta wane ce ta tashi, kuma ba sa kuskure. Wannan murya a bututu take. Kota itace ce, kunama ɗan ƙarfe ne da kowane yaron maƙera zai iya gyarawa, amma bututu shi ne ran bindiga.

Ba jiya muka fara jin wannan ƙara ba. Littafin Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya kuma nuna Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye dakaru masu bindiga a fada. Turawa na ƙera irin adaka a Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam, suna sayarwa a bakin teku, fatake na haurowa da ita arewa. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burasals, suka taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, suka bar mana waɗanda ake ɗurawa ta baki. Sakamakon haka an gan shi a nan maƙwabtanmu: a ƙarshen Janairu 1903 rundunar Kanar Molan ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ta haye kogin Chalawa, ran 3 ga Fabrairu ta ci Kano, Sarki Alu yana Sakkwato. Adaka ba ta iya ja da bindiga mai ruwa ba, wannan gaskiya ce. Amma yau ina bindigogin Molan? Sai a gidan tarihi. Adaka kuwa tana nan tana tashi duk salla, kuma maƙera ne suka riƙe ta.

A nan nake son in tsaya, don aikin nan ya cancanci a yaba masa da babbar murya. Albarushi yana barin dauɗa mai jawo laima, laima na jawo tsatsa, tsatsa na cin bututu daga ciki, inda ido ba ya gani. Shekara bayan shekara ƙarfen na yin siriri, musamman gindi, inda wuta ke tashi. Maharbi mai hankali yana ji a kafaɗarsa da kunnensa cewa bindiga ta gaji, sai ya ɗauke ta sai maƙera. Ka ga yadda tsohon maƙeri ke karɓarta da hannu biyu! Ya ɗaga bututun ga hasken rana ya leƙa, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan ƙarfe ya kasa kunne, ya shafa da babban yatsa. Daga nan ya yanke hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara: ko dai a wanke ta ci gaba da aiki, ko bututu ya mutu. In ya mutu, ba lallashi. Za a cire shi, a bar kotar kaka yadda take, da layunta da fatarta, a zaunar da sabo a cikinta har ka rantse tare aka haife su. Kafin a miƙa wa mai ita, sai an gwada ta daga nesa, ba a kafaɗar mutum ba. Turawan Bamingam sai da suka gina gida musamman a 1813 don gwajin bututu kafin a sayar. Maƙerinmu ya san wannan wajibi tun daga bakin uwar maƙera.

Maganar kuɗi fa? A nan ne ake gane maharbin gaske. Ƙarfe mai kauri, marar haɗi, shi ne mai tsada, kuma tsadarsa na bin tsadar komai a kasuwa. Sai ladan maƙeri, da gawayi, da kwanakin da zai ɓata ya bar garma da lauje. Wani zai ce da in biya wannan gara in ɗauki sabuwa mai araha. Araha ba ta ado! Bindigar da aka yi da siririn bututun famfo ita ce ke fashewa a hannu, kuma duk wanda ya zauna da maharba ya ga mai yatsu uku ko mai ido ɗaya. Wanda ya sayar da buhun shinkafa ya sa wa bindigar ubansa bututun kirki ya sayi hannunsa ne, ya kuma sayi shekarun da ɗansa zai gaje ta. Ni ban taɓa ganin kuɗin da aka kashe a wurin da ya dace kamar wannan ba.

Kada kuma a ɗauka ta kwalliyar salla ce kawai. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya bi magudanai ya mayar da Kadawa da Kura da Bunkure gonar rani da damina, shinkafa da alkama da tumatir. Inda shinkafa ta yi kai, jan-baki na zuwa garke-garke. Yara na kaɗa gwangwani, ana ja igiya, ana ihu har murya ta dushe. Amma a ɗura wa adaka albarushi zalla ba harsashi, a saki ɗaya da sassafe, ka ga yadda sama ke yin duhu da tsuntsu mai gudu.

Akwai wata tsohuwar bindiga da nake so kusan kamar adaka, wato Mak-fo, wadda Turawa ke kira Lee-Enfield. Sojan Ingila ya karɓi ta farko a 1895, samfurin lamba 4 ya fito a 1941, tana cin harsashi 10. Iyalin bindigar nan ne kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 suka saɓa a dajin Boma, kuma 'yan sandan Najeriya sun daɗe suna yawo da ita. Abin da ya burge ni shi ne masu sonta a Turai ciwonsu ɗaya da na maharbin Madobi. A Bizli, filin gasar harbin bara na Ingila tun 1890, har yau ana fitowa da ita. Cikin bututunta akwai murɗaɗɗen tsagi mai juya harsashi ya tafi sak. Idan zafi da tsatsa suka cinye tsagin, saiti ya ɓaci. Sai neman sabon bututu, kuma da yake an daina ƙera ta tuntuni, kuɗinsa da ladan mai ɗaurawa sau da yawa yakan kai kuɗin bindigar kanta ko ya wuce. Suna biya, ba sa ƙorafi! Sojan Ingila da kansa ya sauya wa wasu bututu zuwa harsashin 7.62, ya ci gaba da gasa da su. Masu sintirin arewacin Kanada sun riƙe ta tun 1947, ba su fara ajiye ta ba sai wajen 2018, da kayan gyara suka yi wuya. A nan gida kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai harsashin .303 cikin waɗanda aka haramta wa farar hula, kuma daidai ne, ganin halin tsaron da muke ciki. Ita adaka dokar ta ware mata nata aji, ana riƙe ta da lasisin 'yan sanda, ƙira da gyaranta ma sai da izini.

A Disamba 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ya wajaba a adana. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Sai dai hawa ba ya cika sai da masu bindigar sarki a gaba, su kuma ba su da murya sai maƙeri ya ba su. Maƙeran da suka iya wannan aiki sun manyanta, 'ya'yansu da yawa sun koma walda da kabu-kabu.

Don haka ina roƙon masarauta da hakimanmu da hukumar tarihi da al'adu ta jiha su san waɗannan dattawa ɗaya bayan ɗaya, a yi musu rajista, a tsaya musu wajen samun izini, don a bambanta su da ɓata-garin da ke ƙera wa miyagu makami. Kai kuma maharbi, in akwai adakar gado a ɗakinka, yi mata lasisi, ka kai ta maƙeri ya leƙa bututunta tun salla ba ta zo ba.