Sabunta Takardar Gurabe a Fassarar Littafin Girka Debian: Tsokaci

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin tsokaci a kan wani ɗan aiki wanda masu shirya littattafan kwamfuta suka ɗauka sharar fage ce kawai, watau sabunta takardar da masu fassara suke cikewa. Misalin da za mu riƙa shi ne littafin jagorar girka Debian, babbar manhajar nan mai tafiyar da kwamfuta wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, wadda kuma 'yan sa kai suke kula da ita har yanzu. Da Ingilishi ake rubuta littafin, sa'an nan a juya shi zuwa harsuna irin su Faransanci da Jamusanci da Rashanci da Japananci. Abin da nake so in nuna shi ne, duk sa'ad da aka sabunta takardar nan hukunci aka yanke wa aikin mai fassara, alƙalin kuwa haruffa yake ƙirgawa, ba ya jin magana.

Yadda aikin yake

Akasarin fassarorin littafin suna bin tsarin gettext ne, wanda ƙungiyar GNU ta fitar a 1995. Ana yayyanka matanin Ingilishi sakin layi-sakin layi, a ajiye kowane yanki da gurbi a ƙarƙashinsa. Wannan fayil, wanda ake kira POT, shi ne na sa wa suna takardar gurabe. Kowane harshe yana da nasa kwafi inda ake cike guraben. Idan marubutan Ingilishi suka taɓa littafin, sai a sake fitar da takardar, a sa wata manhaja mai suna msgmerge ta gwama sabuwar da tsohuwar fassara. Yankin da bai canza ba ta bar shi da fassararsa. Sabon yanki ta bar gurbinsa fayau. Wanda kuwa ya canza kaɗan, sai ta ajiye masa tsohuwar fassara amma ta ɗora mata alamar kokwanto. Duk yankin da yake ɗauke da wannan alama ba ya fita a littafin da aka buga. Ingilishinsa ne yake fitowa a madadinsa, har sai mai fassara ya duba ya cire alamar.

Lalle wannan doka tana da hujja, kuma ba daidai ba ne a raina ta. A 2022 membobin Debian suka jefa ƙuri'a suka yarda a riƙa sanya ƙananan manhajojin da suke tayar da sassan na'ura, waɗanda kamfanoni ba su saki asirinsu ba, a cikin faifan girkawa na hukuma. Da Debian 12 ta fito a Yunin 2023, bayanin da yake tura mutum neman waɗannan manhajoji a wani wuri dabam ya zama tsohon zance ga yawancin masu girkawa. Haka kuma Debian 13, wadda ta fito a Agustan 2025, ta daina fitar da faifan girkawa domin tsofaffin kwamfutoci na zubin i386. Fassarar da ta tsaya a kan tsohon bayani za ta aiki mai karatu kasuwar da ta riga ta tashi. Balle kuma babin rarraba faifan ajiya, inda umurni guda da ya tsufa zai iya share wa mutum duk abin da ya tara. A irin wannan wuri, gara Ingilishi mai gaskiya da fassara mai ɓatarwa.

Inda gizo yake saƙa

Aibin shi ne, msgmerge ba ta bambanta gyaran ma'ana da gyaran waƙafi. Idan marubuci ya gyara harafi guda da ya kuskure a sakin layi mai jimla goma, to, sakin layin nan gaba ɗayansa ya faɗa cikin kokwanto a dukan harsunan da suke bin tsarin. Mutum ɗaya ya yi gyaran minti guda, ya tashi masu fassara na ƙasashe da yawa tsaye, kowannensu yana laluben abin da ya canza. In kuwa mai fassarar wani harshe ya yi nisa, ko hidimar gida ta sha kansa (kada a manta ba biyansa ake yi ba), sai littafinsa ya riƙa zubewa kaɗan-kaɗan, ya koma rabi harshensa rabi Ingilishi, alhali fassarar da aka ɓoye ɗin ba ta da laifin kome. Wata manhajar da ake fassara takardun bayani da ita, po4a, ta ma ƙara tsanani: a bisa ƙa'idarta ta asali, in abin da aka fassara bai kai kashi 80 cikin 100 ba, ba ta fitar da takardar sam.

Wannan aibi an san da shi, an kuma nema masa magani. Ana iya sa msgmerge ta ajiye tsohon Ingilishin kusa da sabon, domin mai fassara ya ga bambancin nan take. Akwai kuma msguntypot, wadda aka yi musamman domin marubucin da ya gyara kuskuren rubutu ya bi fassarorin ya hana alamar kokwanto hawa kansu. Sai dai amfani da ita ya rataya ne ga ladabin marubucin. A ganina wajibi ya kamata ya zama: wanda ya tayar da ƙura shi ya san ko iska ce ko hadari, saboda haka shi ya cancanci ya faɗa.

Aibi na biyu ya fi wannan muni, domin shi ba ya barin alama. An gina gettext ne saboda gajerun saƙonnin da manhaja take nunawa a allo, waɗanda kowannensu yake tsaye da ƙafarsa. Littafi kuwa zance ne mai ɗorawa, sakin layi yana jingine da na gabansa. Bari mu auna da Hausa, ko da yake abin ya shafi Faransanci da Jamusanci da Rashanci, tun da su ma suna rarrabe jinsin suna. A ce sakin layi na farko yana magana a kan faifai, na biyu ya ci gaba da cewa a cire shi. Daga baya marubuci ya sake na farkon, ya mai da maganar a kan na'ura. Ingilishi lamiri ɗaya yake da shi na abin da ba mutum ba, saboda haka sakin layi na biyu bai canza ko da ɗigo ba, msgmerge kuwa za ta wuce shi a matsayin kammalalle. Amma a Hausa ya riga ya karye, domin na'ura "ita" ce, "a cire ta" ya kamata a ce. Mai karatu zai tsaya yana neman wane ne "shi", hannunsa a kan na'ura. Lissafi zai nuna an fassara kashi 100 cikin 100, babu kuwa wanda za a tura ya duba.

Daɗin daɗawa, idan yanki iri ɗaya ya zo sau biyu a fayil guda, gurbi ɗaya ake ba shi, watau fassara ɗaya tilas. Kalmar Ingilishi guda tana iya nufin abin da aka bayar kyauta a nan, ta nufi filin faifai da babu kome cikinsa a can. Tun 2006 gettext ta tanadi hanyar raba irin waɗannan da ɗan bayanin muhalli, amma marubucin Ingilishi ne zai sa bayanin, shi kuwa a harshensa bai ga matsala ba balle ya sa.

Saboda haka duk ƙungiyar da ta ɗauki fassarar littafi irin wannan, bai kamata ta tsaya ga cike gurabe da cire alamomi ba. Bayan kowace sabuntawa, sai a buga babin da aka taɓa, a ba wani wanda bai ga Ingilishin ba ya karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, da kwamfuta a gabansa, yana bin umurnin ɗaya bayan ɗaya.