Jinka Mai Ƙafa Ashirin

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Tsibiri da rani, bayan hatsi ya shiga rumbu hannu ya sarara, ya taɓa cin karo da ɗaki yana tafiya. Daga nesa sai ka hango jinka ɗungurungum tana rangaji a bakin hanya, ba ka ganin kan kowa, sai ƙafafu wajen ashirin suna ta da ƙura a ƙarƙashinta. Yara na biye suna sowa, wani dattijo na gaba yana tafiya da baya-baya, yana nuni da hannu, yana cewa a yi dama, a bi sannu akwai rami. Baƙo kan yi dariya ya wuce. Ni kam sai na rage tafiya, domin na san can inda za a sauke ta akwai zagayayyen bango yana jira, kuma idan an ɗora za ta zauna masa kamar hula a kan mai ita, alhali bangon da rufin ba su taɓa ganin juna ba.

Kwanan nan ana yawan zancen gidan da ake ƙerawa a masana'anta, a kawo shi gunduwa-gunduwa a harhaɗa a fili. A Amurka tsohon ciniki ne: daga 1908 zuwa 1940 kamfanin Sears ya sayar da gidaje kimanin 70,000 ta littafin talla, mutum ya zaɓi hoto, a lodo masa katako da ƙusa da taga a jirgin ƙasa. A zamaninmu akwai ɗakin Better Shelter na ƙasar Suwidin, wanda aka tsara tare da gidauniyar IKEA da hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, yana zuwa cikin kwali biyu, mutum huɗu su tsayar da shi a wuni guda. Manomin Gobir da na Katsinar Maraɗi su ma haka suke yin gidan gonarsu, sai dai masana'antarsu gindin bishiya ce. Zana ce bango, dirka ce ginshiƙi, tsaiko da yanta su ne rufi, asabari ƙofa. Kowanne hannu dabam ya yi shi, a gari dabam, ranar kasuwa ce ke haɗa su a kan amalanke ɗaya.

Mutanen wannan yanki sun san ƙaura. Sarautar Maraɗi kanta Katsinawan da suka baro birninsu a farkon ƙarni na 19 suka kafa ta, ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Tsibiri kuma Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa ta a 1836, bayan yaƙin Gawakuke. A 1945 Gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi, dole aka haura tudu inda birnin yake yau. Bangon ƙasa ba ya bin mai shi. Amma dalilin son ɗakin zana da ya fi kusa da manomin yau shi ne maganar fili. Gonaki da garake da yawa aro ne, ko haya, ko jingina. Ranar da mai aro ya kawo tubali ko buhun siminti, ranar mai gona zai fara yi masa kallon mai son gaje wurin, magana ta kai gaban mai gari, ko hukumar filaye irin waɗanda dokar karkara ta 1993 ta kafa. Ɗakin zana ba ya jawo wannan. Ran da aka ce ka tashi, ka kwance kayanka ka naɗe, ba wanda ya ci wani.

Gwanintar farko ta mai saye ce. Ka tsaya wajen masu zana ka kalli wanda ya san abin. Ba ya fara tambayar kuɗi. Sai ya sa a warware masa ita a tsaye tsakaninsa da rana, ya duba inda haske ke ratsowa. Ya bi bakinta da yatsa, domin daga baki zana ke fara warwarewa, kuma a nan malalacin masaƙi ke ɓoye gaggawarsa. Ya buga ta da tafin hannu: in gari ya zubo, ƙwaro ya riga shi saye. Ya lanƙwasa kusurwa ya saurara, in ta yi ƙas-ƙas ciyawar ta bushe ta wuce kima kafin a yanke ta. Wadda aka saƙa da ɗanyar gamba kuwa ranar kasuwa ta fi kowacce kyau, sai ta yi wata guda a rana ta tsuke, ƙofofi su buɗe har ɗan akuya ya leƙo. Sa'an nan ya auna tsawonta da gaba, tsayinta da jikinsa. Bayan duk wannan ne ake tayawa, a yi albarka, a daidaita.

Dirka ba ta da dogon zance: a sami mai baki biyu, miƙaƙƙiya. Ƙirya ce sarauniya don gara ba ta iya mata, amma ta yi wuya, yawanci sai bedi ko turare. A babbaka gindin a wuta ko a shafe shi da baƙin mai kafin a binne.

Inda nake son mu daɗe shi ne wurin mai jinka, don a nan aikin yake.

Kayan awonsa igiya ce da turke. Zai je wurin bangon, kago ne na ƙasa ko da'irar dirkoki da za a zagaye da zana, ya ja igiya ta tsakiya daga wannan gefe zuwa wancan, ya ƙulla. Shi ke nan ya gama da bangon. Ya koma fili mai laushi, wani lokaci a wani gari ma, ya kafa turke, ya ninka igiyar biyu, ya ƙara kamu guda saboda lebatun da zai kare bango daga feshin ruwa, ya ja da'ira a ƙasa da tsinke. Ya san zagayen ɗaki ya ninka faɗinsa sau uku da ɗan ɗori. Ɗorin nan shi ne abin da yaran lakwal ke haddacewa da sunan 3.14, shi kuwa a hannunsa yake, da shi yake sanin yawan kara da igiyar da zoben ƙasa zai ci tun bai taɓa ko ɗaya ba.

Sai tsaiko. Sanduna ne, ko manyan karan dawa da aka ɗaure uku-uku, a jera gindinsu a kan da'irar, a haɗa kawunansu a ƙoƙuwa. Daga nan a bi su da kirinya, wato zobban kara ko na rassan geza masu lanƙwasuwa, babba a ƙasa, suna ƙanƙancewa har sama, kowace mahaɗa a ɗaure ta da igiyar kaba ko ɓawon kalgo da aka jiƙa. Jiƙawar da dalili: ɗanyen ɗauri in ya bushe sai ya ƙara tsukewa. Zoben ƙasa shi ne sirrin abin duka. Kowane rufi mai tsini yana son ya baje, sandunansa su ture bango waje. Zoben nan ya kama ƙafafunsu ya hana, sai nauyin ya sauka tsaye kawai. Shi ya sa siririn bangon zana ke iya ɗaukar jinka, shi ya sa kuma ake iya ɗaga ta gaba ɗaya a yi tafiya da ita ba ta wargaje ba. Rufin tafarfara mai kusurwa huɗu ba shi da wannan baiwa, da an ɗaga sai ya murɗe, don haka a bisa ɗakin ake haɗa shi.

Gangaren rufin kuwa ido ne ke yanke shi. Tsayin ƙoƙuwa daga zoben ƙasa kada ya gaza rabin faɗin ɗakin. In jinka ta kwanta, ruwa ya riƙa jinkiri a cikin ciyawa, ta ruɓe tun ba ta tsufa ba. In ta cika tsini, ta cinye ciyawa da yawa, iska kuma ta sami abin kokawa. Na ga masu takardar gini suna lissafin wannan da na'ura. Mai jinka ja da baya yake yi taku biyar, ya karkata kai, ya ce a ɗan ɗaga.

Ciyawar ba a zuba ta haka nan. Sai an yanta ta: a shimfiɗa shibci siriri a ƙasa, a bi gindinsa da igiya ana kamawa tafi-tafi, har ya zama dogon labule, a naɗe kamar tabarma. Wannan naɗin ma kaya ne na kasuwa, ana saye ana sayarwa, kuma mai saye kan zura hannu cikin tsakiyarsa, don a nan ake cusa gajeriyar ciyawa. Wajen baibaya daga ƙasa ake farawa, ana warware yanta ana zagayawa ana hawa, kowane zagaye ya rufe ɗaurin na ƙarƙashinsa, yadda ɗigon ruwa zai bi tsinke ya faɗa kan tsinke har ya diro ƙasa bai taɓa igiya ba. Ƙoƙuwa ce wurin da ake gane gwani da ɗan koyo. Nan duk ciyawar ke haɗuwa, nan yoyo ke farawa. A tattara a ɗaure tam, a kifa mata tsohuwar tukunya ko kwano, sa'an nan a bi jikin jinkar da igiya kamar raga. Ƙaramar jinka a ƙasa ake gama ta kaf. Babba sai a ɗora tsaikon tukuna a baibaye a sama, don kada nauyi ya fi ƙarfin masu ɗauka.

Zaɓen wurin kafawa shi ma ilimi ne, kuma ya bambanta ko a ɗan tsakanin nan namu. Hadarin damina daga gabas yake tasowa, da iskarsa a gaba, don haka ƙofa takan kalli yamma ko kudu. A jigawar da ke kewaye da Tsibiri rairayi ne, ruwa ba ya kwanciya amma dirka sai an zurfafa ta. A Jiratawa, inda gonakin ban ruwa suka haura hekta 500, masu zogale da albasa da tumatir ke buƙatar ɗakin gadi da na hutun rana, matsalar laka ce: sai an tayar da daɓe, an nemi ɗan tudu, an kuma tambayi tsofaffi iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Kuma kowa ya duba suri kafin ya sauke kaya.

To, ina kwantena da ɗakin kwano da maƙeran walda ke yi a cikin gari, waɗanda ƴan birni masu garka suka fi so yanzu? Ba na raina su. Kwantena tana da kwaɗo, ba ta cin wuta, injin ban ruwa da buhun taki suna kwana lafiya a cikinta. Amma mai tsawon mita 6 sai babbar mota ta kai ta, hanyar gona kuma rairayi ce, kuma a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Maraɗi ke wuce awo 40, ba mai iya zama cikinta da azahar. Ciyawa iska ce cike a tsakanin tsinkayenta, zafi ba ya ratsa ta da sauri, wanda ya taru a ciki kuma yana sulalewa ta sama. Abin da ke ba ni dariya, sau da yawa za ka ga an kashe kuɗi an kawo kwantena, sa'an nan an kira mai zana ya yi mata rumfa a ka. A ganina kaya su shiga ƙarfe, mutum ya shiga jinka.

Aibinta ba ɓoyayye ba ne. Gobarar hunturu ba ta yi wa ciyawa sallama, ba banza aka ce mai bunu a gindi ba ya kai gudummawar gobara ba. Murhu sai ya yi nisa, kuma ta gefen da iska ba za ta kwaso tartsatsi ba. Ɓera da kunama suna son ta. Bayan ƴan damuna sai an sake baibaya. Ciyawar ma ta yi tsada tun da gonaki suka cinye daji, har manoma suka koma barin kututturen gamba a kan iyakar gona, tana tsare iyaka, tana tare ƙasa, da kaka a yanke ta a saƙa. Sanduna ne suka ɗan dawo, albarkacin sassabin zamani da Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM ya fara yaɗawa a yankin Maraɗi a 1983, inda manomi ke barin tohon kututture ya girma maimakon ya sassabe shi. Reshen da ake ragewa wajen gyaran bishiyar shi ne ke komawa tanka da kirinya.

Ranar ɗorawa gayya ake yi, da sassafe kafin iska ta tashi. Samari su zagaye jinkar, dogaye a rarraba su kada gefe guda ya rinjaya. A yi bisimilla, a ɗaga zuwa gwiwa, a huta, a kai kafaɗa. A bakin ɗaki wasu su shige ciki da gofa su tallafi tsaikon daga ƙasa, na waje suna turawa, mai jinka yana zagayawa yana cewa a juya kaɗan, a sassauta nan. Sai ka ji ta zauna, da ɗan ƙaran kara. Ya ɗaure zoben ƙasa da dirkoki. Daga nan ya sunkuya ya shiga shi kaɗai, ya saki asabari, ya tsaya cikin duhu yana duban sama, yana neman ko da ɗigon haske kamar ƙwayar gero. In ya gani, ya zura tsinke ta wurin don yaron da ke bisa ya san inda zai ƙara ciyawa. In bai gani ba, ya fito yana naɗe igiyar awonsa a gwiwar hannu, ya ce a kawo fura.