Filin Wasa na Surulere a Ikko

A dā ba a gina wa wasa gida a ƙasar Hausa. In kaka ta yi, sai a share dandali, makaɗa su ɗauki kalangu, 'yan dambe su fito, 'yan kallo su kewaye su, watau jama'a su ne katangar. Irin wannan fili ba ya cin ko anini. Filin siminti da ƙarfe kuwa kamar doki yake, sayensa ba wuya, kiwonsa ne aiki.

Ba inda wannan ya bayyana kamar babban filin wasa na Surulere a Ikko. An gama shi a 1972, aka yi wasannin ƙasashen Afirka a cikinsa a 1973. Nan ne Nijeriya ta fara ɗaukar kofin ƙwallon ƙafa na Afirka a 1980, ta ci Aljeriya uku ba ko ɗaya, Segun Odegbami ya jefa biyu, Muda Lawal ɗaya. Har wa yau nan Kamaru ta karɓe kofin a 2000, bayan an yi kunnen doki an koma bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wurin da ya ga wannan farin ciki da wannan baƙin ciki ai ya cancanci a riƙe shi da daraja.

Amma da aka tashi saukar baƙi a wasannin Afirka na 2003, sai Gwamnati ta gina sabon fili a Abuja mai ɗaukar mutum wajen 60,000. Amarya ta zo, aka manta da uwargida. Manyan wasanni suka ƙaurace wa Surulere, ciyawar fili ta mutu, kujeru suka kakkarye, fitilu suka daina kamawa, shekara da shekaru.

Gina na Abuja ba laifi ba ne, ko da yake shi ma daga baya sai da ciyawarsa ta lalace aka sake dasawa. Laifin shi ne a ba da kuɗin gini saboda baƙin mako biyu, a hana kuɗin gyara.

A Nijar an bi wata hanya. Tun 1975 da aka fara kokawar takobi a Tawa, ana zagayawa da ita jiha jiha, kowace jiha da filinta na yashi, kuma duk wadda layi ya zo kanta sai ta gyara nata kafin 'yan kokawa su iso.